Gwaggon da Likitoci Ke Koyon Magana a Kanta

Duk wanda ya yi aiki a asibitin koyarwa na garin ya san Gwaggo, ko da bai san ainihin sunanta ba. Shekara ashirin da shida ta yi a sashen wanki, can ƙasan gini, inda zafin injina ke sa mutum ya manta ko ana ruwa a waje. Zannuwan gado, rigunan tiyata, labulaye, duk ta hannunta suke bi. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, kuma tun tana ƙarama ba ta yarda da abu don kawai an ce mata haka yake. Idan mai shago ya yi mata murmushi, sai ta juya gwangwanin madara ta duba ranar lalacewarsa. Idan maƙwabciya ta yabi zaninta, sai ta yi shiru tana jiran ta ji abin da aka zo ara. Mijinta, wani mai gyaran agogo da ke da ɗan teburi mai gilashi a bakin kasuwa, yakan ce ko gaishe ta ka yi sai ta juya gaisuwar ta duba bayanta. Yana faɗa yana dariya, don shi mutum ne mai sanyin hali, kuma ya daɗe da sanin cewa shi kaɗai ne a duniya ba ta bincika.

Saura wata ɗaya ta yi ritaya, Babbar Likita mai kula da horar da ƙananan likitoci ta sauko sashen wanki da kanta tana cigiyar wasu riguna. Ta tarar da ma'aikata sun yi da'ira suna dariya har da riƙe ciki, Gwaggo a tsakiya, ta ɗora tabarau a kan hanci, tana tafiya hannu a baya, tana kwaikwayon ita Babbar Likitar, har yadda take gyaran murya kafin ta yi faɗa. Da suka hango ta, kowa ya haɗiye dariyarsa. Babbar Likita ta kalle ta na ɗan lokaci, sannan ta tambaye ta ko ta iya kuka kamar yadda ta iya wannan. Gwaggo ta yi mako guda tana juya tambayar, tana neman inda tarkon yake. Ba ta same shi ba, don babu. Aiki ake son ba ta.

Aikin kuwa ba kowa ne ya taɓa jin irinsa ba. Duk Talata da Alhamis takan hau bene na biyu, ta shiga wani ɗan ɗaki da a da sito ne. Kujeru biyu ne a ciki, da ƙaramin teburi, da kwalin tishu, da jug na ruwa. Sai a miƙa mata kati: yau ke matar wani direba ce da jini ya zuba masa a ƙwaƙwalwa, yau ke uwar yarinya ce da aka yi wa tiyata ba a dace ba, yau ke ce da kanki mai ciwon. Ƙananan likitoci su riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da minti takwas, ya gaya mata labarin da ba wanda ke son ji. An koya musu tsari. Ka rufe ƙofa, ka kashe waya, ka zauna kada ka tsaya a kan mutum. Ka tambaye shi abin da ya riga ya sani. Ka yi masa gargaɗi cewa labarin ba mai daɗi ba ne, sannan ka faɗa da kalmar da kakarka za ta gane. Bayan haka ka yi shiru, wanda shi ne abin da ya fi gagarar su.

Gwaggo ba ta raga musu. Wani lokaci takan yi kuka, wani lokaci ta yi faɗa, wani lokaci ta ƙura wa mutum ido kawai har ya fara zuba surutu don ya cike shirun. Idan an gama, Babbar Likita takan tambaye ta yadda ta ji, ita kuma ba ta iya sakaya magana ba. Wannan takalminsa ya gaya wa labarin, ba ni ba. Wannan ta ce ɗan ƙari ne, alhali katin ya ce ciwon daji. Wancan kuwa ya ɓuya a bayan manyan kalmomi har na fita ban san ko mijina zai tashi ba. Yaran suna tsoronta, amma idan sun gama horo sukan leƙo su gaishe ta, ita kuma ta amsa tana nazarin abin da ya kawo su.

A cikinsu akwai wani dogo siriri da ta laƙaba wa Sarkin Gumi. Ranar farko tun kafin ya zauna gumi ya ɗiga a kan fayil. Da ta tambaye shi ko mijinta mutuwa zai yi, sai ya ce ai kowa ma zai mutu. Ta tashi ta buɗe masa ƙofa. Sau uku yana faɗuwa a hannunta. A karo na huɗu ya zauna, ya faɗi maganar a fili, sannan ya rufe bakinsa ya jira ta har ta gama. Ta ce wa Babbar Likita wannan zai yi. Ba ta taɓa gaya masa cewa duk cikin yaran shi ta fi so ba, don a ganinta yabo lalata yaro yake yi.

Shekara tara tana wannan aiki, kuma aikin ya yi mata illar da ba wanda ya lura da ita. Mace ce da dama can ba ta yarda da mutane ba, sai ga shi an koya mata yadda kirki yake kama idan yana ɗauke da mugun labari. Idan wani ya ja mata kujera, sai gabanta ya faɗi. Idan autarta, wadda ke koyarwa a makarantar firamare, ta kashe talabijin kafin ta yi magana, sai Gwaggo ta ce ta faɗa kawai, wa ya mutu. Yawanci ba kowa, yarinyar gishiri take tambaya.

Sai mai agogo ya fara ramewa. Ƙananan kusoshin da ya shekara arba'in yana ɗauka da tsinke suka fara zame masa, farin idonsa ya koma rawaya. Aka kwantar da shi a ɗakin maza, gado na kusa da taga, kuma likitan da ke kula da ɗakin ba kowa ba ne illa Sarkin Gumi, wanda yanzu ya yi ƙiba har yana da masu bin sa da fayil. Mako biyu ana ɗibar jini ana gwaje-gwaje. Ranar wata Litinin aka yi hoton ciki. Daga Laraba Gwaggo ta fara jin warin wani abu.

Nas-nas ɗin da a da sai ta gaishe su sau biyu suke amsawa, yanzu su suke fara gaishe ta. Fayil ɗin da ke rataye a ƙarshen gado ya koma ofis. An cire ƙarin ruwa. Mutumin da aka hana maiƙo da gishiri, sai ga nas tana cewa a ba shi duk abin da ransa ke so. Wannan maganar ta fi komai tsaya mata a rai, don ta san lokacin da asibiti ke daina hana mutum abinci. Da ta tambayi mijin, sai ya ce da sauƙi, ya juya yana kallon taga. Abin da ya ƙara ɗaure mata kai shi ne aike. Kullum wajen ƙarfe biyu na rana sai ya tuna wani abu da yake so. Yau ɗan gilashin da yake maƙalawa a ido idan yana gyara. Gobe lemo, kuma ba na bakin asibiti ba, na wata mata da ke can bayan tasha. Jibi batirin rediyo. Mutumin da bai taɓa aiken ta ko'ina ba, don ya ce duk inda ta je da rigima take dawowa.

Ta tare Sarkin Gumi a matakala. Ba ta yi kwana-kwana ba, ta ce ya gaya mata abin da hoton ya nuna. Ya sauko mataki ɗaya don kada ya tsaya a kanta, ya mayar da wayarsa aljihu, ta kuwa lura da duka biyun.

"Gwaggo, na san hankalinki a tashe yake. Amma wannan magana ce da ta fi kyau ku yi da Baba da kansa."

Ta san wannan amsa kamar yadda ta san tafin hannunta. Akwai katin da take fitowa a matsayin matar da ke matsa wa likita ya tona sirrin mijinta, kuma wannan ita ce amsar da ake ba cikakken maki.

"Ni na koya maka wannan maganar."

"Shi ya sa na iya ta, Gwaggo."

Gumi ya tsatstsafo masa a goshi. Ta yi masa faɗa, ta yi masa magiya, har ta gwada shirun nan nata da ke sa yara zuba. Ya tsaya ya jira ta. Ta taɓa alfahari da yaron nan, amma ran nan ji ta yi kamar ta shaƙe shi.

Daga nan zarginta ya bazu ko'ina. Ta fara da cewa kuskure suka yi a magani suna rufa wa juna asiri, don ta wanke zannuwan asibitin nan shekara da shekaru, ta san ba mala'iku ba ne a ciki. Ta koma tunanin ko sun lallaɓi bawan Allah ya sa hannu a gwada wani sabon magani a jikinsa. Ta yi tunanin ko gadon suke so su ba wani babban mutum. Ta hau ofishin Babbar Likita, wadda ta ce ba ta buɗe fayil ɗin ba kuma ba za ta buɗe ba, ta kuma nuna mata kujera. Gwaggo ta ƙi zama.

Wadda ta fi shan wahala ita ce auta. Gwaggo ta tsare ta a baranda ta ce ta ga idonta ya kumbura, ta faɗi abin da uban ya gaya mata. Yarinyar ta rantse ba ta san komai ba, kukan tsoro kawai take yi. Gwaggo ta ce ai ita ta haife ta, ta san fuskarta idan tana ƙarya, kuma ba ta taɓa zaton 'yar cikinta za ta haɗa baki da bare a mayar da ita sakara ba. Auta ta ɗauki jakarta ta tafi tana share hawaye. Gaskiya yarinyar ta faɗa, kuma wannan zalunci ne Gwaggo ta yi mata, ko da yake a lokacin ba ta ga haka ba.

Shi kaɗai ne ba ta tsare ba. Takan zauna kusa da shi tana ɓare masa lemon da ba ya sha, tambayar tana bakinta, ta kasa fitowa. Tsoro take ji. Duk tsawon aurensu bai taɓa yi mata ƙarya ba, kuma ba ta san wanne ya fi muni ba, ya fara yanzu ko ya ƙi farawa.

Ranar Talata ya ce ta je gida ta ɗauko wani agogon bango na wani tsohon abokin ciniki, wai yana so ya duba shi. Mutumin da cokali ke rawa a hannunsa. Ta ce to, ta yafa mayafi, ta fita har bakin get inda mai gadi zai gan ta. Ta tsaya bayan rumfar mai sayar da katin waya na minti goma, sannan ta zagaya ta shigo ta ƙofar sashen wanki, ta hau matakalar baya da ma'aikata kaɗai suka sani. Gadon ba kowa. Wata mai shara ta ce likita ya tura shi a keken marasa lafiya zuwa bene na biyu, kamar kullum. Kamar kullum ɗin nan ya soke ta.

A bene na biyu babu ɗakin gwaji ko na hoto. Ofisoshi ne, sai ɗan ɗakinta. An dakatar da horo a makon saboda jinyar da take yi, don haka bai kamata a samu kowa a ciki ba. Ƙofar ɗakin ba ta rufuwa ruf sai an ɗaga ta sama, abin da ita kaɗai ta sani. Ta matsa jikin bango ta kasa kunne.

Muryar Sarkin Gumi ta fara ji, amma ya siranta ta kamar ta mace, ya sa mata kaifi. Yana cewa kada a yi masa kwana-kwana, shi ba yarinya ba ce, a faɗa masa kawai. Kalmominta ne, har da tsakin da take ja a ƙarshe. Jininta ya tafasa. Wato nan suke kulle kansu suna yi mata dariya, ita tana can tana yawon neman lemo a rana. Har ta ɗora hannu a kan ƙofar, sai ta ji muryar mijinta, a hankali, yana tsayawa yana jan numfashi.

Yana cewa ta zauna tukuna. Yana cewa an ga abin da ke damunsa, kuma labarin ba mai daɗi ba ne. Ciwon daji ne, ya fara daga wani wuri ya kama hanta, ya wuce a yi tiyata. Akwai maganin da za a iya gwadawa, amma ba zai warkar ba, sai dai ya ƙara 'yan makonni a kan gadon asibiti, shi kuma ba ya so. Ba ya son a sa masa injin numfashi idan lokaci ya yi. Gida yake so ya koma.

Likitan ya dawo da muryarsa ta gaskiya. Ya ce yau ya fi jiya, amma Baba ya yi sauri, ya haɗa komai a numfashi ɗaya, Gwaggo ba za ta bari ya kai maganar gida ba. Za ta tsayar da shi tun a kalmar farko ta tambayi wa ya duba hoton, likita nawa suka gani, ko an tabbata ba na wani ba ne aka sa a fayil ɗinsa. Sannan ya roƙe shi, da muryar wanda ya sha roƙo, ya bari su gaya mata tare yau ɗin nan, don ta riga ta gane akwai wani abu, kuma jiran yana cin ta.

"A'a, ɗana. Matar nan ta ji wannan labari daga bakin likitoci sun fi ɗari, kowanne sai da ta kama masa kuskure. Ni sau ɗaya zan faɗa. Mu sake."

Gwaggo ta janye hannunta daga ƙofar. Ta sauka matakalar baya tana dafa bango, ta zauna a mataki na ƙarshe, inda ƙarar injinan wanki ke rufe kowace irin ƙara. Duk abin da ta zarga ba shi ba ne, kuma ta gwammace a ce ɗaya daga ciki ne. Da kuskuren magani ne, da ta san wanda za ta kama. Ta daɗe a nan. Da ta tashi, ta wanke fuska a famfon ma'aikata, ta kira auta a waya ta ce ta yafe mata, ta kuma ce ta zo da yamma. Yarinyar ta tambayi ko lafiya, don uwarta ba ta saba ba da haƙuri ba. Gwaggo ta ce ta zo dai.

Ta tarar an mayar da shi gado. Ya tambayi agogon, ta ce ta manta makulli. Ya dube ta, ita ma ta dube shi. Da kanta ta ja labulen ya zagaye gadon, ta zauna a gefen katifa, ta ɗora hannuwanta a cinya. Ya gane ba sauran gobe.

Ya fara da cewa ta zauna, alhali a zaune take. Ya ce an ga abin, sai maganar ta tsaya masa. Duk abin da ya haddace ya watse. Ya koma baya, ya faɗi na ƙarshe a farko, ya ambaci injin numfashi kafin ya ambaci ciwon. Ta san kowace kalma da ke gaba, tana iya ƙarasa masa, amma ta bar shi. Ba ta tambayi wa ya duba hoton ba. Ba ta tsayar da shi ko sau ɗaya ba, har abin ya fara ba shi tsoro, yana ɗagowa yana kallonta yana jiran faɗan da aka shirya shi dominsa. Da ƙyar ya kai ƙarshe, ya ce yana so ya koma gida, idan za ta iya da shi.

"Likita ya ce saura nawa?"

"Wata biyu. Wataƙila bai kai ba."

"Yaushe aka gaya maka?"

"Laraba."

Ta kalli hannunsa, wanda ya rame har agogonsa ya zame ya koma kusa da gwiwar hannu.

"Kwana shida, Malam. A cikin wata biyu ka ɗauki kwana shida ka aike ni sayen lemo."

Ya ce so yake ya faɗa mata da kyau. Ta ce ta sani. Ta ce ba za a ƙara ɓata ko yini ɗaya ba, yau za su tafi, takardar sallama ta biyo su a baya idan ta ga dama. Ya ce ai sai an rubuta maganin ciwo, sai an koya mata yadda ake bayarwa. Ta ce yaron nan zai rubuta, ba shi da wani aikin da ya fi wannan.

Sannan ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin gado tana neman takalmansa, waɗanda bai sa ba tun ranar da aka kwantar da shi. Suna nan gabanta, a jere, ƙura ta ɗan hau kansu. Shi yana sama yana jira, yana tambayar ko ba ta gan su ba. Ta ce tana dubawa, kuma ta daɗe a can ƙasa ba ta ɗago ba.